Uba Ya Haƙa, Ɗa Yana Cikewa: Kwana Huɗu a Tsaunukan Arewacin Ingila

Tun kafin in bar Mancesta ake ta yi mini magana a kan takalmi. Na shafe wata tara a garin ina wani kwas na aikin gona, kuma duk wanda ya ji cewa zan hau tsaunukan Cumbria sai ya sunkuya ya dubi ƙafata, ya ce in nemi takalmin ruwa. Ni kuwa malamin gona ne, na sha shiga fadama da silifas, don haka na ce a raina wane irin ruwa ne za a same shi a bisa dutse? Na ɗaure kambas ɗina na kama hanya. Ƙarshen watan Yunin 2025 ne, 'yan makonni bayan Babbar Sallah.

Malamarmu ce ta haɗa ni da wasu iyali makiyaya da ke karɓar ɗalibai su kwana biyu suna kallon aiki. Tikitin jirgin ƙasa na saye shi tun da mako biyu, fam 24, don a ƙasar nan idan ka bari sai ranar tafiya, kuɗin na iya ninkawa. Daga tashar Piccadilly muka bi ta Preston da Lancaster, babu wani abin labari. Sai da muka wuce Oxenholme ƙasa ta fara tashi, gidaje suka ja baya, duwatsu masu koren bargo suka matso kusa da taga. Cikin sa'a ɗaya da rabi da 'yan mintuna muna Penrith.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne katangu. Katangun dutse ne zalla, babu siminti, babu laka, an jera su ɗaya bisa ɗaya, sun hau tsauni sun gangara kwari kamar an zana su da alƙalami. Wasu sun haura shekara 200 a tsaye. Nan take Sukur ta faɗo mini a rai, can kan duwatsun Adamawa, inda mutane suka yi wa tsauni matakala da dutse don su samu wurin shuka. Hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, wannan yankin kuma, da suke kira Yankin Tafkuna, sai a 2017 ya shiga. Dalilin duka biyun kusan ɗaya ne: abin da hannun manomi ya yi wa dutse tsawon ƙarnoni. Na ji daɗin cewa a nan dai mun riga su.

Daga Penrith na hau bas mai lamba 508, fam 3, wanda ke bin gefen tafkin Ullswater. A Pooley Bridge direban ya nuna mana wata sabuwar gada ta farin ƙarfe. Tsohuwar, wadda aka gina da dutse tun ƙarni na 18, ambaliyar watan Disamban 2015 ce ta tafi da ita. A wannan guguwar, da suka sa wa suna Desmond, an auna ruwa milimita 341 cikin sa'a 24 a wata mashigar tsauni da ake kira Honister. Wato kusan rabin abin da Sakkwato ke samu a damina guda ya zuba a yini da dare ɗaya. Ka riƙe wannan ambaliyar a ranka, domin duk wanda na yi hira da shi a kwarin nan, da ita yake fara lissafi: kafin ruwa, bayan ruwa.

Tun daga Mancesta har inda na sauka ban ga shingen bincike ko ɗaya ba, in ban da mai duba tikiti a jirgi. Shingen farko da aka tsayar da ni a ƙofar gonar ne, kuma bokiti ne. Matar gidan ta fito da fara'arta, amma kafin ta bar ni in tsallaka sai ta nuna mini ruwan magani da buroshi, ta ce in wanke tafin takalmina. Ta tambaye ni ko na shiga wata gona cikin makon nan. Daga baya na gane dalili. A 2001 cutar ƙafa da baki, wadda Fulaninmu ke kira ɓoru, ta ɓarke a Birtaniya, aka kashe dabbobi sama da miliyan 6 aka ƙona, kuma Cumbria ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. Ta ce har yau idan iska ta kaɗo warin hayaƙi mai kauri, gabanta faɗuwa yake.

Ɗakin da aka ba ni yana saman bene, fam 65 kowane dare har da karin kumallo. Katangar gidan ta kai kamu biyu a kauri. Tsakiyar bazararsu ce, amma sai da na lulluɓa da bargo biyu. Abin da ya fi wahalar da ni rana ce: ƙarfe tara da rabi na dare tana nan ba ta faɗi ba, na yi Magariba wajen goma saura, kafin in yi Isha'i in kwanta, an kusa Asuba. Wajen abinci kuwa an yi 'yar kunya. Sun gasa mini naman ragon gonarsu don karramawa, ni kuma dole na ce ba zan iya ci ba saboda yanka. Na zaci za su ji haushi. Mai gidan dariya ya yi, ya ce ai ya san mu sarai, ko bai taɓa zama da Musulmi a teburi ba: duk shekara yana duba kalanda ya ga yaushe azumi zai kama, yaushe layya, domin a lokacin ne tsofaffin tumakinsa ke yin kuɗi a kasuwa. Matar ta soya mini ƙwai da dankali da wake, aka bi da shayi mai madara. Shayi dai na sha shi a gidan nan har na daina ƙirgawa.

Mutum uku ke riƙe da gonar. Akwai mai gidan, ɗan shekara sittin da ɗoriya, da 'yarsa da ta dawo daga kwalejin noma, sai mahaifinsa, tsoho tukuf mai sanda, wanda ya daina hawa tsauni amma bai daina ba da umarni ba. Sun ce in riƙa kiran tsohon da sunansa kai tsaye, kamar yadda kowa ke yi. Bakina ya ƙi. Na gaya masa a wurinmu wanda ya kai shekarunsa Baba ake ce masa, ya ce to ya karɓa. Har na tafi 'yarsu ma Baba take kiran kakanta don tsokana.

Washegari da sassafe muka hau babur mai ƙafa huɗu, kare biyu a baya, har inda katanga ta ƙarshe ta tsaya. Daga nan sai ƙafa. Saman tsaunin makiyaya ce ta tarayya: gonaki da dama ke da haƙƙin sako tumaki a kai, kowace da adadinta a rubuce, kuma babu shinge ko ɗaya tsakaninsu. Na tambayi mai gidan yadda tumakin ba sa cakuɗewa su ɓace. Ya ce kowace tunkiya ta san yankinta, a nan uwarta ta yi kiwo da ita tana jaririya, ita ma a nan za ta koya wa 'yarta. Garken gonarsu ya san gefen tsaunin nan tun kafin a haifi kakan kakansa. Shi ya sa idan aka sayar da gona ko aka sauya ɗan haya, garken yana nan, ba ya bin mutum. Irin tumakin ana ce musu Herdwick: baƙi wuluk ake haifarsu, suna girma suna komawa ruwan toka, fuska ta yi fari kamar ta dattijo. Kowace gona tana da alamarta, shafin launi a gashi da tsaga a kunne. Da na ce masa makiyayanmu ma da tsagar kunne suke gane nasu, kuma saniyar Bafulatani ta san muryar mai ita a cikin dubu, sai ya tsaya ya dube ni da kyau, karo na farko. Daga nan hira ta buɗe.

Muna cikin tafiya a wani fili shimfiɗaɗɗe a can ƙololuwa, ina ta surutu, na taka wani wuri kore shar mai kama da darduma. Ƙafata ta dama ta nutse har gwiwa. Na yi ƙoƙarin cirowa, ta hagu ta bi ta. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara. Da ƙyar ya jawo ni da sandarsa, ƙafa ta fito, kambas ya zauna a ciki, sai da ya zura hannu har kafaɗa ya lalubo shi. Bai ce mini komai a kan takalmin ruwa ba, karnukan ne kawai suka zauna suna kallona.

Abin da na faɗa cikinsa shi ne dalilin zuwana. Taɓo ne baƙi ƙirin, amma ba irin na fadamarmu ba. Gansakuka ce ke tsirowa a kan tudun da ruwan sama ba ya yankewa, ta mutu, wata ta tsiro a kanta. Saboda ruwa ya cika wurin iska ba ta shiga, matacciyar ba ta ruɓewa duka, sai ta danne ta zama taɓo. Kaurinsa na ƙaruwa da kamar milimita 1 a shekara. Ya soka wani dogon ƙarfe, ya shige mita biyu bai taɓa dutse ba, ya ce to ka ga shekara dubu biyu ke nan a ƙarƙashin ƙafarka. Duk kabon ɗin da gansakukar nan ta zuƙo daga iska, wato sinadarin da ke cikin hayaƙin da ke ɗumama duniya, yana kwance a ciki. An ƙiyasta irin wannan taɓon a Birtaniya yana riƙe da kabon tan biliyan 3, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasa ya lalace. Da zarar ya bushe, iska ta shiga, sai ya fara ruɓewa yana sakin abin da ya ɓoye, rumbu ya koma bututun hayaƙi.

Ya kai ni wurin wasu dogayen ramuka miƙaƙƙu, kamar kunyoyin ƙato, suna gangarawa gefen tsauni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar ta ɗanɗana yunwa, gwamnati ta ce a samar da abinci ko ta halin ƙaƙa. Aka ba manoma tallafi su yanka magudanai a tudun nan don ya bushe ciyawa ta fito. Daga baya, musamman bayan shigarsu ƙungiyar Turai a 1973, aka riƙa biyan makiyayi bisa kan kowace tunkiya. Mai tunkiya dubu ya fi mai ɗari biyar samu, to wa zai ƙi ƙarawa? Tsauni ya cika da baki, aka gwaguye komai har ƙasa. Sai a 2005 aka daina biya bisa kai, aka koma bisa faɗin gona. Ciyawar da aka yi alkawari ba ta fito yadda aka zata ba, ramukan kuma suka zurfafa, suka zama kwazazzabai da 'yan raguna ke faɗawa, ruwan sama kuma ya samu titi, yana isa kwari cikin sa'o'i kaɗan.

Yanzu ramukan nan a toshe suke. Kowane 'yan taku an dasa ƙaramar madatsa, wata da taɓon kansa, wata da katako, wata da dutse. Bayan kowace ruwa ya kwanta, gansakuka ta fara rufe shi, mazari na shawagi. Irin wannan wurin ne ya haɗiye mini takalmi. Ya ce, "Gwamnati ta biya mahaifina ya haƙa, yanzu tana biyana in cike. Ina fatan kada ta biya 'yata ta sake haƙawa."

Da daddare, ƙafata cikin safar ulu ta aro, na tambayi tsohon ko yana jin ciwon ganin ana rushe aikinsa. Ya daɗe yana juya kofinsa. Ya ce ramukan ba su dame shi ba, ko a lokacin bai ga amfaninsu sosai ba. Abin da ke ci masa rai shi ne yadda ake magana kamar su ne ɓarayin ƙasa, alhali mutumin gwamnati ne ya zo da takarda da kuɗi ya ce a yi. Sai na ji kunya ta kama ni, don ni ma mutumin takarda ne. Sau nawa na tsaya gaban manoma na ce a tumɓuke kututture a share gona fes don garmar shanu da tarakta su wuce, yau kuma nake komawa ƙauyukan nan ina roƙonsu su bar tohon gawo da kalgo su girma? Idan kiɗa ya sauya rawa ma sauyawa take, gaskiya ne, amma mai rawar da gonarsa da 'ya'yansa yake takawa, makaɗin kuwa albashinsa na shiga ko ya yi kuskure.

Rana ta uku 'yar gidan ce ta ɗauke ni a tsohuwar motarsu, na sa takalmin ruwan mahaifinta da ya fi ƙafata lamba biyu. Hanyoyin kwarin mota ɗaya suke ɗauka, katanga dama da hagu, idan kun haɗu da wani sai ɗaya ya ja da baya har inda aka ɗan faɗaɗa, a ɗaga wa juna yatsa a wuce. Babu hon, babu zagi. A wasu wurare an shimfiɗa ƙarafa a kan rami a tsakiyar titi, mota ta wuce da ƙara, tunkiya kuwa ba ta iya takawa.

Mun fara da gonarsu ta ƙasa. Ta nuna mini filin ciyawar da suka daina zuba wa takin zamani. Ta ce ba wa'azin kowa ne ya sa su ba, a 2022 ne kuɗin taki ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, suka duba littafi suka ga buhun na cin ribar da yake kawowa. Suka shuka wasu ganyayyaki dangin wake a cikin ciyawar, masu ɗaure sinadarin naitirojin a saiwa, irin aikin da wake da gyaɗa ke yi wa gero a gonakinmu. Shekarar farko dami ya ragu, kakanta ya yi ta mita. Yanzu filin cike yake da furanni rawaya da ja da fari, ƙudan zuma na ta kai-kawo. Ba za su yanka ba sai bayan tsakiyar Yuli, don furen ya zubar da iri, tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa su kuma su tashi da 'ya'yansu. Irin waɗannan filayen, kashi 97 cikin ɗari nasu sun ɓace a ƙasar tun daga shekarun 1930. Tumaki sun rage, sun kawo 'yan shanu gajeru baƙaƙe masu farin ɗamara a ciki, masu jure sanyi, suna cin tauraren ciyawar da tunkiya ke ƙi. A wuyan kowace akwai wata na'ura: ta zana iyaka a wayarta, saniya ta matso iyakar sai na'urar ta yi ƙara, in ta ƙi ji ta ɗan ja ta da lantarki. Ta matsar da garke zuwa sabon wuri muna tsaye, da babban yatsa. Na yi tunanin burtalolinmu da gonaki suka cinye, da rayukan da ake asara a kan taku goma na saniya, amma da ta faɗi kuɗin na'ura ɗaya sai na mayar da tunanin aljihu.

Maganin tsutsar ciki ma sun daina ɗura wa garke duka bisa kalanda. Sai an kai kashi an duba an ga ƙwai sun yi yawa. Kuɗi ya ragu, buzuzun da ke binne kashin ya dawo. Na tambaye ta batun iskar metan da tumaki da shanu ke fitarwa idan suna tuƙa, wadda ita ce babban kason hayaƙin gona irin tasu. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce an zo an yi musu lissafi har sau biyu da manhaja daban-daban, amsoshin ba su yi kama da juna ba. Abin da ta sani shi ne tunkiya mai lafiya da ke haihuwa kowace shekara, ɗanta ya isa kasuwa da wuri, ta fi uku marasa lafiya sauƙin hayaƙi, kuma ta fi su riba.

Daga nan muka zaga zuwa Swindale, wani kwari kusa da madatsar Haweswater. Madatsar ce ta haɗiye ƙauyen Mardale a shekarun 1930 don Mancesta ta sha ruwa, wato ruwan da na yi wata tara ina alwala da shi, wani kasonsa daga nan yake gangarowa. A kwarin akwai rafin da mutanen baya suka miƙar da shi kamar sanda don su samu filin ciyawa. A 2016 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB da kamfanin ruwa na United Utilities da abokan aikinsu suka mayar masa da lanƙwasarsa. Ruwa ya rage gudu, tsakuwa ta kwanta, cikin 'yan watanni kifin salmon ya dawo yana zuba ƙwai. Na zauna a bakinsa na ci burodi da cuku. Wurin ya yi kyau ƙwarai. 'Yar gidan kuwa ta ce, kyau kam akwai, amma ka tuna masu wannan gonar ba da kuɗin rago suke biyan kuɗin makarantar yara ba.

Maganar tata na fahimce ta da yamma, a zauren taron ƙauye. Makiyayan da ke da haƙƙi a tsaunin ne suka taru, su goma sha wani abu, da wata matashiya mai ba da shawara da ke taya su cike takardu. Ni ina kujerar baya da kofin shayi. Bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, Ingila ta fara janye tsohon tallafin nan na faɗin gona daga 2021, da niyyar ƙare shi a 2027. A madadinsa aka ce za a biya manomi ne don abin da jama'a ke amfana da shi: ruwa mai tsabta, rage ambaliya, tsuntsaye, kabon a ƙasa. A 2025 abin da ya rage na tsohon tallafin bai wuce fam 7,200 ga kowace gona ba, komai girmanta. Ga manomin tudu, wanda sau da yawa tallafin nan shi ne ribarsa gaba ɗaya, wannan ba ƙaramin rami ba ne. Sannan a watan Maris na shekarar, aka rufe karɓar sababbin masu neman shiga babban shirin sabon tallafin, rana ɗaya, ba sanarwa. Wani mutum a zauren ya ce ya yi wata huɗu yana haɗa takardunsa, ya rage garke tun kafin kuɗin su zo, ya shiga intanet da daddare ya tarar an kulle ƙofa.

Rikicin daren a kan adadi ne. Yarjejeniyar da ake tayi ta shekara goma ce, za a biya su, amma sai an rage tumaki a tsauni, a kuma sauko da su duka da hunturu. Kuma tun da makiyayar ta tarayya ce, sai an yarda tare. Wani dattijo ya ce idan garkensa ya ragu ƙwarai, na maƙwabci zai malalo cikin yankinsa, sanin wurin da tumakin suka gada ya warware, kuma abin da aka yi ƙarnoni ana ginawa ba a sayo shi a kasuwa bayan shekara goma idan gwamnati ta sauya ra'ayi. Wani saurayi ɗan haya ya ce shi damuwarsa daban: idan kuɗin kabon da na bishiya suka fi na rago, me zai hana mai ƙasa ya karɓe gonarsa ya dasa itatuwa ya ci kuɗin shi kaɗai? Wata mata ta ce ita ruwa ya shiga ɗakinta har ƙugu a 2015, duk abin da zai riƙe shi a bisa tsauni ko na sa'a biyu ne, ta sa hannu. Ba wanda ya ɗaga murya. Bature idan ransa ya ɓaci sai ya ƙara yin ƙasa da murya, ni da na saba da taron manoma inda sai mai unguwa ya miƙe tsaye, sai da aka fito na gane cewa faɗa aka yi.

Matashiyar nan ta burge ni. 'Yar kwarin ce, ita ma gidansu da tumaki. Ba ta ce wa kowa ya yi don duniya ba. Taswira ta shimfiɗa, ta ce wa dattijon ya nuna mata da yatsa inda tumakinsa ke kwana da inda ba sa zuwa ko an kora su. Ya nuna. Ta ce to wannan gefen da ba sa zuwa, a nan za a toshe ramuka a dasa bishiyoyi a bakin kwazazzabo, adadin kuma za ta koma ta yi ciniki a kai. Ta gaya mini daga baya cewa rabin aikinta shan shayi ne a ɗakin girkin mutane, kuma abin da ya fi saurin sauya ra'ayin makiyayi shi ne ya leƙa ta kan katanga ya ga na maƙwabcinsa ya yi kyau. Ita ma kwangilarta shekara-shekara ake sabuntawa. Na yi dariyar da ba ta gane dalilinta ba. Na tuna ayyukan da na yi a gida, na shekara uku uku: a kafa allo, a raba dashe, a ɗauki hoto, wa'adi ya cika, farar mota ta tafi, awaki su gama da sauran. An tashi taron ba a sa hannu ba, an ce sai bayan sausaya, wato askin gashin tumaki.

A hanyar komawa muka tsaya na sayi kifi da soyayyen dankali, fam 14, na ci a mota. Na kira mahaifina, don dare bai yi nisa ba. Na ce, "Baba, yau na ga inda ake biyan makiyayi ya rage dabbobinsa." Ya yi shiru, ya ce, "Su kuma sun yarda?" Na ce ana kan magana. Ya ce, "To ka tambaye su, in sun rage, wa zai riƙe musu alkawarin?" Na ce ai abin da suka kwana suna tambaya ke nan. Ya ce ashe dai makiyaya ne na gaske, ya tambaye ni ko ina cin abinci.

Ranar tafiyata aka fara sausayar rukunin farko. Wani saurayi ya kafa tunkiya tsakanin gwiwoyinsa, cikin minti biyu ya tuɓe mata riga. Gashin Herdwick kaushi gare shi, kuɗin da ake sayensa bai kai ladan mai askin ba, ana yi ne kawai don lafiyar dabba. 'Yar gidan ta ce yanzu ana gwada cusa shi a dogayen buhuna a toshe ramukan tsauni da shi, maimakon ɓawon kwakwar da ake shigowa da shi daga ƙetare. Kakanta na zaune a kan dami yana ji. Ya ce wato gashin tumakin da aka haƙa ramin dominsu, shi za a cusa a ramin. Ya yi dariya har da tari.

Na biya fam 195 na kwana uku, matar ta ƙi karɓar kuɗin abincin dare, ta kuma cusa mini safar ulun nan a jaka. Na durƙusa na yi wa tsohon sallama, ya ce in tashi kada gwiwata ta jiƙe. Mai gidan ya sauke ni a bakin titi daidai lokacin da ruwa ya sake tsinkewa, ya juya babur ya koma wurin aski. Bas ya yi lattin minti goma. Kambas ɗina bai bushe ba har Mancesta, yana cikin leda a ƙarƙashin kujera, duk wanda ya zauna kusa da ni a jirgin sai ya ɗan shinshina iska ya dubi taga.